Ƙwayar bitamin da ciwon dasashi: ga amsoshin, a karanta kafin a sake tambaya

Ina aikin haƙori a nan Tawa. Tun da ƴan ci-rani suka fara aiko wa iyayensu kwalaben ƙwayoyin ƙarin lafiya, da wuya mako ya wuce ba a dire min ɗaya a kan tebur an ce in duba ba. Tambayoyin ba sa canzawa, shi ya sa na tara su wuri guda.

Mene ne antiyoksidan ɗin nan?

Yanka yalo ka ajiye, zai yi baƙi, iska ce ta ci shi. Matsa masa lemun tsami, ba zai yi saurin baƙi ba. Abin da ya tare wannan cin shi ne antiyoksidan. Bitamin C, bitamin E, koenzim Q10 da sinadarin ganyen shayi duk dangi ɗaya ne a nan.

Ƙwayarsa tana warkar da ciwon dasashi?

A'a.

To me ya sa aka rubuta a jikin kwalbar tana taimaka wa dasashi?

Saboda akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Idan datti ya taru a gindin haƙori, ƙwayoyin cuta suna zama, jiki ya turo sojojinsa na cikin jini su watsa musu sinadari mai ƙuna. Ƙunar ba ta tsayawa kan abokin gaba, tana cin dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori. Masu bincike suka ce to a gwada abin da ke rage ƙunar. Amma gwaje-gwajen yawanci kan mutane kaɗan aka yi su, na ƴan watanni, kuma waɗanda aka ba ƙwayar an riga an kankare musu haƙora. Ƙarin da aka gani ɗan kaɗan ne, wani wurin ma babu. A 2020 ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai ta fitar da ƙa'idar magani: goge baki, barin taba, riƙe suga, da kankare dattin da ke ƙarƙashin dasashi. Ƙwayar antiyoksidan ba ta cikin abin da suka ce a yi. Dattin da ya daskare ya zama dutse, wanda muke kira tartar, ƙarfe ke cire shi.

Ina goge baki jini na fita. In daina?

Kada ka kuskura. A 1965 a ƙasar Denmak, Harald Löe ya sa masu lafiyayyen baki su daina goge haƙori. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya lafa. Buroshi mai laushi, sau biyu a rana, minti biyu. Idan mako biyu ya wuce jinin bai tsaya ba, ka zo.

Aswaki ya isa?

Ga wanda ya iya, yana aiki sosai. Amma yawancinku haƙoran gaba shida kawai kuke gogawa, na ciki da matse-matsi ko oho.

Yarona ɗan shekara uku dasashinsa na jini, bakin na wari. Wane bitamin zan saya?

Hajiya, ajiye maganar bitamin, ɗauki yaron nan zuwa gidan likita yau. Wannan tambayar ce take tayar min da hankali fiye da kowace. Yaro mai shekara 2 zuwa 6, wanda ya rame ko ya tashi daga ƙyanda ko masassara, idan dasashinsa ya fara ruɓa, yawu na zuba, kunci ya kumbura, cutar da ake kira noma muke tsoro. Cikin ƴan kwanaki take huda kunci. A farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023, mu kuwa a ƙasar nan mun daɗe da saninta. Ba laifinki ba ne, kuma ba wanda zai yi miki faɗa don kin zo da wuri.

Babana yana da ciwon suga, yana kuma shan maganin tsinka jini. Haƙoransa na ƙasa suna girgiɗi. Yayana ya aiko daga Abijan da Q10 da bitamin E. Muna ƙauye wajen Keita, sai bayan girbi za mu iya kawo shi. Ya fara sha kafin nan?

Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ba ta amsuwa da i ko a'a, sai ka yi haƙuri ka bi ni a hankali.

Fara da duba kwalin maganin tsinka jinin. Idan warfarin ne, ko Sintrom, ko Préviscan, kada ya taɓa ko ɗaya daga cikin kwalaben nan sai likitan da ya rubuta masa maganin ya gani. Q10 yana kama da bitamin K a ƙirarsa, yana iya rage ƙarfin irin wannan magani, jini ya daskare inda ba a so. Bitamin E mai yawa kuma yana jan abin ɗaya gefen, wajen zubar jini. Idan ƙaramin asfirin ne kawai, damuwar Q10 ta ragu, amma duk da haka ni ba zan ba mai zubar jinin dasashi bitamin E mai yawa ba. Kuma don Allah kada ya dakatar da maganin jininsa da kansa wai don zai zo a kankare masa haƙora. Mu za mu tsara wannan da likitansa.

Batun jiran girbi kuma ya danganta da abin da kake gani. Idan jini ne kawai da ɗan motsi, zai iya jure ƴan makonni, muddin ana goge bakin safe da dare, yana kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Za a iya ƙara ruwan kurkura na kuloheksidin daga farmasi, amma kada ya wuce mako biyu, yana rina haƙori. Idan kuwa ka danna dasashin mugunya ta fito, ko fuska ta kumbura, ko akwai zazzaɓi, ko haɗiya na yi masa wuya, gero ya jira, a nemi mota. Mai suga ba a wasa da ƙurji a bakinsa.

Ka kuma sani suga da dasashi suna ciyar da juna. Mai sugan da ba a riƙe ba, haɗarinsa na kamuwa da ciwon dasashi ya kai ninki uku, kuma kankare dasashin kansa yana saukar da ma'aunin suga na wata uku da kusan 0.4. Ƙashin da ya zaizaye ba kasafai yake dawowa ba, abin da ya rage muke ceta. Idan yana shan amlodipin don hawan jini ka faɗa mana, shi ma yana kumbura dasashin wasu.

Inda zan sassauta wuri ɗaya ne. Tsohon da ba ya iya tauna, ya koma fura da kunu kawai, yana iya rasa bitamin C da gaske. Irin wannan, ƙaramar ƙwayar bitamin C tana da amfani, ko a jiƙa masa garin ƴaƴan kuka a ruwan sanyi ba suga, ko a dama masa gwaiba. Mai ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda kada a ba shi mai miligiram 1000. Yayanka kuma ka yi masa godiya, ka ce aike na gaba ya zama kuɗin mota.

Ashe rashin bitamin C yana sa jinin dasashi?

Ƙwarai. Da shi jiki ke saƙa zaren da ke riƙe haƙori. A 1747 James Lind ya ba ma'aikatan jirgin ruwa masu ruɓaɓɓen dasashi lemu da lemun tsami, suka warke. Amma abin da ake buƙata a rana miligiram 90 ne ga namiji, 75 ga mace, gwaiba ɗaya ta biya. Wanda ya ƙoshi, ƙarin yana fita a fitsari. Tumatir, tattasai ɗanye, mangwaro, ga su nan a kasuwa. A tuna dahuwa mai tsawo tana kashe shi. Mai tsotsar ƙwayar bitamin C kullum kuma, tsaminta yana cin fatar haƙori.

Ina shan sigari, in ƙara da beta karotin?

Kada ka yi. A Finlan an gwada wannan antiyoksidan kan maza masu shan sigari sama da 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari ga waɗanda suka sha. Sigari tana matse jijiyoyin dasashi, jini ba ya fita, kana ganin lafiya lau alhali ƙashi na tafiya. Masu cusa taba gari da kanwa a leɓe, har da ku nake.

Shayi fa? An ce yana da antiyoksidan.

Yana da shi. Sugan da kuke zubawa a butar ne matsalar.

An ce kankara tana buɗe giɓi, haƙori ya yi girgiɗi.

Na ji wannan har na gaji. Giɓin yana nan tun tuni, dutsen ne ya toshe shi, kumburi ya lulluɓe. Makon jiya na cire wa wani dattijo tartar a bayan haƙoran ƙasa, ya fito dunƙule ɗaya kamar ɓawon gyaɗa, baƙi ƙirin da goro. Ya sa harshe ya ji rami, ransa ya ɓaci. Na ba shi madubi ya ga inda ƙashi ya riga ya janye. Haƙori zai yi tsami da ruwan sanyi na ƴan kwanaki, wannan yana wucewa. Bayan wata biyu zuwa uku a dawo mu sake auna zurfin dasashin: milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, daga 4 zuwa sama akwai sauran aiki.