Waiwaye: Yadda ƙananan masana'antun gida suke mutuwa a Kano

Wanda ya ratsa Sharaɗa ko Bompai ko Challawa da hantsi zai ga get-get da yawa a kulle, kwaɗo ya yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a inda tireloli suke juyawa a da. Wasu an mayar da su sito, ana jibge kayan da aka shigo da su daga waje a daidai wurin da ake ƙera irinsu shekarun baya. In ana maganar durƙushewar masana'antu, manyan masaƙu ake fara ambata, irin su masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002. Amma waɗanda suka mutu shiru sun fi yawa nesa ba kusa ba: masana'antar alawa, ta sabulu, ta butoci da bokitai, ta matsar gyaɗa, ta takalman roba, wadda Alhaji ɗaya ya kafa yake gudanarwa da ƙannensa da 'ya'yansa da ma'aikata ashirin ko hamsin.

Asalin abin yana komawa ga zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911. Gyaɗa da fata da auduga suka samu hanyar zuwa teku, kuɗi suka taru a hannun fatake irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da kuma Kwarori, wato 'yan kasuwar Siriya da Lebanon. Daga cinikin aka gangaro zuwa sarrafawa. Mai sayen gyaɗa ya kafa injin matsa, mai sayen ƙiraga ya buɗe majema. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, da wadda ta biyo ta a 1977, suka sa 'yan kasuwar gida da dama suka wayi gari da hannun jari a masana'antu. A wannan zamani naira ta fi dala daraja, injina na da araha, gwamnati kuma ta tare ƙofa da haraji da takunkumi. Wannan ni'ima ta rufe wani rauni da bai fito fili ba sai daga baya: yawancin masana'antun nan da kayan waje suke aiki, tun daga injin da kayan gyaransa har zuwa ƙwayar roba da sinadarin rini da na jima.

Girgiza ta farko ta zo daga gona. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa, masu injin matsa suka koma neman angurya da waken soya. Ta biyu ta zo da faɗuwar farashin man fetur. A 1982 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, lasisin kuma ya fi faɗawa hannun mai uwa a gindin murhu fiye da mai masana'anta. Sai manufar gyaran tattalin arziki (SAP) ta Babangida a 1986, wadda ta karya naira ta koma wajen huɗu a kan dala ɗaya cikin 'yan watanni, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. Wanda ya ci bashin injin da kuɗin waje ya ga bashinsa ya ninka yana zaune. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, aka sassauta takunkumin shigo da yadi, kayan Sin suka cika kasuwa, wasu ta tashar ruwa, wasu ta fasa-ƙwauri a kan iyaka.

Maganar wuta ta cancanci a tsaya a kanta, domin wanda bai taɓa tsayawa gaban injin ba yana ɗauka ɗauke wuta hutu ne kawai na awa ɗaya ko biyu. A masana'antar roba, ƙwayar tana narkewa ne a cikin wani bututun ƙarfe mai zafin da ya kai wajen digiri 200, wani dogon ƙarfe mai murɗi yana tura ta cikin mazubi. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, robar ta daskare a ciki. Idan wuta ta dawo sai an sake ɗumama bututun na kusan awa ɗaya, a fitar da abin da ya ƙone, a zubar da zubin farko da yake fitowa da tabo ko rabi. Wanda ya yi gaggawa ya tayar da injin kafin robar ta yi laushi, yana iya karya ƙarfen murɗin, kuma shi ba a samunsa a shago sai an yi oda. In aka yi irin wannan sau uku a yini, an biya ma'aikata, an ƙona wuta, kayan da aka fitar bai kai rabin na kullum ba. Wutar da ke zuwa da rauni ma tana ƙona naɗin wayar motar lantarkin da ke juya injin, layin wuta ɗaya cikin uku ya faɗi, kafin a ankara hayaƙi ya tashi.

Don haka kowa ya koma janareta. Lita ɗaya ta gas tana ba da abin da bai wuce yunit uku zuwa uku da rabi na lantarki ba. Janareta mai ƙarfin 100 kVA yana shan lita 15 zuwa 20 a awa in an ɗora masa kaya sosai, ga canjin baƙin mai da matata duk bayan awa 250 na aiki. A farkon 2022 litar gas tana wajen naira 300, kafin ƙarshen shekarar ta kai wajen 800, daga baya ta haura 1,000. Sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013 bai kawo sauƙin da aka yi alkawari ba, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit na rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, zuwa naira 225, daga ƙasa da 70. Bututun iskar gas na AKK, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 don ya taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, shi ne abin da masu masana'antu suka daɗe suna zuba wa ido. Babban kamfani yana raba wannan nauyi a kan kaya masu ɗimbin yawa. Ƙaramin kuwa a kan kowace buta yake jin sa.

Duk da haka, akwai masana'antun da suka sha waɗannan duka suka rayu, akwai kuma maƙwabtansu a layi ɗaya, masu irin injin ɗaya, da suka rufe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar farko a cikin gida ita ce uwar kuɗin juyawa.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. Mai masana'anta ya sayi tan 10 na ƙwayar roba, ya sarrafa, ya sayar da ribar kashi 20 cikin 100. Masu sari a kasuwa ba sa biya nan take, sai sun sayar, wata ɗaya ko biyu. Kafin kuɗin su dawo naira ta faɗi, ƙwayar ta tashi da kashi 50. Uwa da riba gaba ɗaya yanzu tan 8 kawai za su saya. A littafi ya ci riba, har ya cire ta ya yi hidimar gida da ita. A sito kuwa jarinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Zagaye uku ko huɗu irin wannan, injin da ke aiki dare da rana ya koma kwana uku a mako. Abin da ya faru ke nan a 1986, ya sake faruwa a 2016, ya kuma maimaita bayan an saki naira a Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024.

Mai matsar gyaɗa nasa ya fi tsanani saboda kaka. Kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa yana ba da kilo 35 zuwa 40 na mai a injin mai lafiya, sauran tunkuza ce da ake sayar wa masu abincin kaji. Ribar tana cikin sayen gyaɗa da kaka, lokacin da take da araha, a adana. Injin da ke cin tan 5 a rana yana bukatar kusan tan 375 don aikin wata uku. Wanda bai da wannan kuɗi dole ya riƙa sayen 'yar kaɗan a kasuwar Dawanau a farashin bazara, ya yi gogayya da wanda ya tara tun Nuwamba. In kuma haƙoran injin sun cinye ba a sake cika su da walda ba, mai ya riƙa tafiya cikin tunkuza, asarar da ba a gani da ido sai an auna. Banki ba mafita ba ne ga da yawa: wasu suna gudun kuɗin ruwa saboda addini, wasu ba su da takardar mallakar fili da za su jingina, kuma a ƙarshen 2024 Babban Banki kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, na 'yan kasuwa kuwa ya wuce haka.

Tsaga ta biyu ita ce aljihu ɗaya. A yawancin waɗannan wurare ba a raba kuɗin masana'anta da na gida. Auren 'ya, kujerar Makka, asibitin ɗan'uwa, kuɗin makaranta, duk daga cinikin ranar ake zara, kuma ba wanda zai iya ce wa Alhaji a'a. Ba laifi ba ne mutum ya ci daga guminsa, zumunci kuma wajibi ne. Illar ita ce ba a rubutawa, ba a yanka wa mai gida albashi, ba a ware komai don ranar da injin zai tsufa. Injin da aka saya a 1980 yana nan yana aiki da dabarar makanike ɗaya, ranar da ya kwanta gaba ɗaya babu kuɗin sabo. Haka ɗaukar aiki: ɗan ƙane ne a sito, suruki ne a wajen sayayya, in kaya suka yi ƙafa ba a iya bincike don kada a ɓata zumunci. Ƙwararren ma'aikacin da ya san injin ciki da bai, da ya ga ba zai taɓa wuce inda yake ba, sai ya tafi.

Sai ranar da ba makawa. Masana'antu da yawa da suka tsallake SAP da NEPA ba su tsallake rasuwar mai su ba. Sirrin haɗin sabulun yana kansa, amanar masu ba shi kaya bashi a kan fuskarsa take, wanda yake bi da wanda ke bin sa duk a ƙwaƙwalwarsa suke. Da banki ya samu labari zai rufe asusun da ke da sunansa har sai an kawo takardar kotu, abin da kan ɗauki watanni, alhali albashi da kuɗin wuta ba sa jira. Masu bin bashi su zo tun kafin a share makoki, waɗanda ake bi kuma su yi shiru.

Daga nan a zo rabon gado. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, a ce ya bar mata biyu da 'ya'ya maza shida da mata huɗu. Matan za su raba tumuni, ɗaya bisa takwas. Sauran a kasa shi 16, namiji ya ɗauki biyu mace ɗaya, wato kowane ɗa namiji yana da wajen kashi 11 cikin 100. Wanda ya tashi a gaban injin tare da mahaifinsa rabonsa daidai yake da na wanda bai taɓa taka wurin ba, kuma ba shi da kuɗin da zai fanshi na sauran. Wasu suna son haƙƙinsu a hannu yau, kuma suna da gaskiya, musamman marayu ƙanana da iyayensu mata. In ɗakuna ba sa ga maciji da juna, magana ta ƙare a kotu, alƙali ya sa a yi wa dukiya kuɗi a sayar. Filin Sharaɗa yana da mai saye nan take. Injin da ya yi shekara a tsaye kuwa, 'yan gwangwan ne ke ɗaukar sa a kan sikeli.

Shari'a ba ta ce a farfasa masana'anta ba. Ta faɗi rabon kowa ne, kuma magada suna iya zama abokan tarayya, ko wasu su sayi rabon wasu ta hanyar sulhu a biya a hankali. Abin da ke sauƙaƙa wannan shi ne rajistar da aka yi tun mai abu yana raye. Sunan kasuwanci kawai, wanda yawanci ake yi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC don arharsa, ba ya raba mutum da sana'arsa, in ya mutu ta bi shi. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa yana ci gaba da wanzuwa, asusunsa na aiki muddin akwai wani darakta mai ikon sa hannu, abin da za a raba shi ne hannun jari, injin yana inda yake. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai. Sai dai rajistar ba ta amfani in fili da injina da motoci suna nan da sunan Alhaji, ba a mayar da su sunan kamfanin ba, kuma a nan ne da yawa suke tsayawa, saboda sauya sunan fili yana bukatar amincewar gwamna ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, da kuɗi, da zirga-zirga a ma'aikatar ƙasa.