"Umarni aka ba ni" ba ya wanke soja

An daɗe ana ɗauka cewa duk abin da na gaba ya umarta dole soja ya aikata, laifi kuma na mai umarni ne. Ba haka doka ta ce ba. Biyayya tana kan halastaccen umarni ne kawai.

Tun shari'ar Nuremberg ta 1945, wadda aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, aka ƙi karɓar wannan uzuri. A 1968 sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan fararen hula a ƙauyen My Lai na Vietnam, har da jarirai. Laftanar William Calley, wanda ya jagoranci wasu daga cikin sojojin, ya ce umarnin kyaftin ɗinsa ya bi, amma kotun soja ta kama shi da laifin kisa a 1971. Hugh Thompson kuwa, matuƙin helikwafta da ya shiga tsakani ya ceci rayuka, sai 1998 aka karrama shi. An makara ƙwarai.