Waiwaye: Lokacin da makaranta da wurin aiki suka raba gari a Jos

Tun da aka sanar a 2025 cewa karatu a kwalejojin fasaha na gwamnatin tarayya zai zama kyauta, har da tallafin kuɗi ga ɗalibai kowane wata, muhawara ta sake zafi. A teburin mai shayi, a rediyo, a Facebook, wasu na cewa digiri ya tashi aiki, a koma wa sana'a. Wasu kuma na tsoron kada a bar wa 'ya'yan talakawa guduma, 'ya'yan masu hali su riƙe biro. Kowa sai ya buga misali da gine-ginen Abuja, inda za ka tarar da masu sa tayil daga Togo da Benin, alhali matasanmu na yawo da takardu a ambulan. Ana maganar kamar jiya muka wayi gari da ita, amma ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. Koyon sana'a ya girmi boko a ƙasar Hausa: maƙera, dukawa, marina da masaƙa duk a hannun iyaye da iyayen gida suka koya. Turawa suka buɗe makarantar fasaha a Yaba a 1947, ta Kaduna ta biyo a 1956, aka kuma kafa cibiyoyin koyon sana'a, ciki har da ta Bukuru, kusa da Jos. Bayan 'yancin kai aka yi babban taron manhaja a Legas a 1969. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, wanda hedkwatarsa ke nan Jos, shi ne kuma ya fito da tsarin tura ɗalibai wuraren aiki a 1973. A 1977 aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, aka kafa hukumar ilimin fasaha, NBTE, a Kaduna. A takarda dai babu abin da aka rasa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne 'yan shekarun da ke tsakanin 1982 da 1987. A ganina nan ne igiyar ta tsinke.

Kawuna fita ne, wato mai haɗa injuna da gyara su, ya yi kusan shekara ashirin a sashen gyaran injuna na wani kamfanin haƙar kuza a Bukuru. Har yau yana da akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, sufanu jere bisa girmansu, kowace a goge da mai. Na taɓa tambayarsa ko a makaranta ya koyi aikin. Ya ce, "Ɗana, makaranta ta nuna mini sunan kaya da yadda ake awo. Hannuna kuwa a wurin aiki ya faɗa. Shekara biyu ina wanke wa oga ƙarfe da kananzir kafin ya bar ni in kwance famfon ruwa ni kaɗai." Abin da yake faɗa shi ne tsarin da Jos ta rayu a kai. Kamfanonin kuza na da manyan injunan haƙa, da famfuna, da motoci, ga wutar da ake janyowa daga Kurra, ga layin dogo, ga masana'antar narka kuza a Makeri tun farkon shekarun 1960. Duk waɗannan sai da masu walda, da masu lantarki, da kafintoci, da makanikai. Yaro ya fito daga cibiyar sana'a da rabin ilimi, wurin aiki ya cika masa sauran, ya kuma biya shi albashi yana koyo. Shi ya sa uba ba ya jin kunyar cewa ɗansa yana makarantar Bukuru.

Daga 1982 aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a), jihohi na shiga ɗaya bayan ɗaya. Niyyar mai kyau ce ƙwarai. Kowane yaro a ƙaramar sakandare zai taɓa katako da ƙarfe da waya a darasin da muke kira Intirotek, bayan shekara uku a duba inda hannunsa da kansa suka fi ƙarfi, a nuna masa hanya. Aka sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu.

Sai dai kayan sun iso a daidai lokacin da ƙasa ke zamewa a ƙarƙashin ƙafarmu. Kuɗin man fetur na raguwa tun farkon shekarun 1980, a 1986 farashinsa ya faɗi warwas. Kuza kuwa dama tun shekarun 1970 haƙarsa ke ja da baya a Filato, sai ga shi a watan Oktoba na 1985 kasuwarsa ta duniya ta ruguje, aka dakatar da cinikinsa a Landan, farashi ya zube da kusan rabi. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai wajen naira 4 a 1987. Masana'antar da ke shigo da kayan gyara daga waje ta rage ma'aikata, kuma duk inda aka fara ragewa, ɗaukar yara masu koyo ake fara tsayarwa. Kawu da abokan aikinsa suka watse, wasu suka buɗe gareji, wasu suka koma noman rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari.

Na ga ɗaya ɓangaren da idona. A makarantarmu akwai wani ɗaki da kullum yake kulle. Idan ka leƙa ta taga za ka hango manyan akwatunan katako da rubutun da ba mu iya karantawa, an jibga karyayyun kujeru a kansu. Babu wutar da za ta juya injin, babu ɗakin da aka gina dominsa. Malaminmu, mutumin kirki mai ƙoƙari, sai ya zana zarto da filaya a allo, mu kwafa, mu haddace sunayen sassansu, mu ci jarrabawa. Shekara uku na yi ban riƙe zarto ba.

Da wuraren aikin na nan da ransu, da wataƙila sun rufa wa makarantu asiri kamar yadda suka saba. Da makarantun sun samu wuta da malamai, da sun rage asarar. Duka biyun ne suka durƙushe tare. Iyaye kuwa ba su yi wauta ba, lissafi suka yi: tunda babu kamfanin da zai ɗauki fita, aikin gwamnati ne kaɗai mai tabbas, shi kuma da takarda ake hawa matakinsa, mai digiri gaba da mai babbar difloma. Daga nan kowa ya nufi jami'a, kwalejin fasaha ta zama wurin wanda bai samu gurbi ba. Raina aikin hannu da ake zargin matasa da shi yau, a wannan lissafin ya samo asali.

An yi ta ƙoƙarin gyara bayan haka. An kafa hukumar jarrabawar sana'o'i, NABTEB, a 1992, an ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, an sa darussan sana'a 34 a manhajar babbar sakandare a 2011. Kusan duka a cikin aji aka yi gyaran. Horon na gaskiya ya koma garejojin Farin Gada, da rumfunan Dilimi, da 'yan katako na kasuwar Katako, inda oga ke koyar da yaro shekara huɗu ko biyar ya yaye shi, ba tare da takardar da wani kamfani zai karɓa ba.

Bara ɗan ƙanwata, mai karatun injiniyan lantarki a wata kwalejin kimiyya da fasaha, ya yi mako uku yana zagaya Jos da wasiƙar neman wurin koyon aiki. Inda aka karɓe shi da farko, fayil aka ba shi ya riƙa kaiwa ofis-ofis. Kawu ya ji labari, ya sa hula, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsohon yaronsa mai naɗin wayar injin ban-ruwa a Bukuru. Wata huɗu ya yi a can. Ranar da ya gama, ya miƙa wa ogan littafin da makaranta ta ba shi don a sa hannu, sai ogan ya ce ba shi da hatimi, shagonsa kuma ba shi da rajista.