Kunamar Ruwa da Ciyar da Ita da Hannu a Gidan Namun Daji

Kunamar ruwa wani irin kifi ne mai faɗi kamar faifai, da wutsiya siririya mai ɗauke da ƙaya mai dafi. Ba ta da ƙashi irin na tarwaɗa, guringuntsi ne ke riƙe da jikinta, shi ya sa masana ke haɗa ta dangi ɗaya da kifin shak. Galibinsu a teku suke, amma akwai na ruwan daɗi a kogin Amazon, akwai kuma wadda ke zaune a Binuwai da ƙasan kogin Kwara. Wannan an bayyana ta a kimiyyance a 1962, sunanta Fontitrygon garouaensis, daga sunan garin Garwa na Kamaru. Faɗinta bai cika wuce santimita 40 ba, yawanta kuma sai raguwa yake yi. Ɗan Maraɗi ba zai gan ta a Gulbi ko tafkin Madarunfa ba, sai dai duk masuncin da ƙayar ƙurungu ta taɓa soka ya san irin abin da ake nufi.

Halittarta ce ta tsara yadda ake ba ta abinci. Idanunta a sama suke, bakinta a ƙasa, wato ba ta ganin lomar da take ci. Da sunsuna take gano ta, da kuma wasu ƴan ramuka kewaye da baki masu jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin duk mai rai.

Don haka ma'aikacin gidan namun daji yakan fara ɗauraye hannu da ruwa zalla, ba sabulu ba man shafawa, domin yauƙin da ke fatarta shi ne garkuwarta daga cuta. Sai ya saƙala yankan kifi ko jatan lande tsakanin yatsu, ya shimfiɗa hannun a ƙasan kwarmin ruwan, ya yi kurum. Ita za ta zo da kanta, ta lulluɓe hannun da fukafukanta masu santsi, ta zuƙe lomar wuf. Haƙoranta shimfiɗaɗɗu ne kamar dutsen niƙa, na farfasa ƙwanso, saboda haka ba a miƙa mata kan yatsa.

Masu kallo suna ɗaukar abin wasa ne, alhali aiki ne na kiwo. Ta hannu ake sanin wadda ta ƙoshi da wadda manya suka ture, ta hannu ake ɓoye magani cikin loma, a nan kuma ake hango rauni a cikinta. Kifin da ya saba da hannu ba ya firgita ranar da likitan dabbobi zai duba shi, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne gare shi.

Ƙayar ta kare kai ce, ba ta farauta ba, sai an taka ta ko an tsorata ta take harbi. A wuraren da baƙi ke taɓa ta akan datse ƙayar kamar yankan farce, ta sake tsirowa bayan watanni. Mutuwar Steve Irwin, mai gabatar da shirye-shiryen namun daji a talabijin, a Ostareliya ranar 4 ga Satumba 2006, da ƙayar ta same shi a ƙirji, ita ta ɓata wa kifin suna, ko da yake irin haka ba safai ba ne. Wanda aka harba a hannu ko ƙafa akan tsoma wurin cikin ruwan zafi mai kimanin digiri 45 na ma'aunin Celsius, na minti 30 zuwa 90, raɗaɗin ya lafa, sannan a kai shi asibiti a duba ko guntun ƙayar ya karye a ciki.