Waiwaye: Yadda 'Yan Sa-kai Suka Fara Tsare Gonakin Ƙananan Garuruwa

A ƙananan garuruwa da dama na Amurka da Ingila, da zarar an kafa allon sayarwa a bakin wata tsohuwar gona, sai ka ga wasu mutane sun fara zirga-zirga. Galibi ba su da yawa, kuma babu mai biyan su ko sisin kwabo: malamar makaranta da ta yi ritaya, lauya mai ba da lokacinsa kyauta, manomin da gonarsa ke maƙwabtaka da wadda za a sayar. Burinsu shi ne kada a yanka gonar a mayar da ita fulotai. Wannan aiki ya haura shekara 150 ana yin sa, kuma ya sauya kama fiye da sau ɗaya.

Tushensa yana Ingila, lokacin da manyan masu ƙasa ke killace filayen da jama'ar ƙauye suka gada suna kiwo da yin itace a ciki. A 1865 aka kafa ƙungiyar Commons Preservation Society don kare irin waɗannan filaye. Shekara guda bayan haka aka yi abin da har yau ake ba da labarinsa a Berkhamsted, wani gari da ke arewa maso yammacin Landan. Lord Brownlow ya kewaye wani babban yanki na filin jama'a da shingen ƙarfe. Sai wani attajiri mai suna Augustus Smith ya ɗauko lebura 120 daga Landan a jirgin ƙasa cikin dare, kafin gari ya waye sun tumɓuke shingen. Magana ta kai kotu, jama'a suka yi nasara.

Daga nan tunani ya koma kan mallaka: in ana so fili ya tsira, a saye shi a riƙe amana. Charles Eliot ya jagoranci kafa Trustees of Reservations a jihar Massachusetts a 1891, sannan Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa National Trust a Ingila a 1895. Sai dai hankalin waɗannan ƙungiyoyi ya fi karkata ga kyawun wuri da wajen shan iska ga mutanen birni. Manomi da amfanin gonarsa suna baya. A Ingila, daga bisani hukuma ce ta ɗauki nauyin: dokar tsara birane da karkara ta 1947 ta sa ba wanda zai yi gini a filinsa sai da izini, kuma daga 1955 aka ƙarfafa wa garuruwa gwiwa su ware zoben fili a kewayensu da ba a gini a ciki. Aikin 'yan sa-kai a can ya zama sa ido da kai ƙorafi.

A Amurka labarin daban ne, domin mai fili yana da ƙarfi sosai a doka, kuma ikon tsara ƙasa yana hannun ƙananan hukumomi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo suna neman muhalli, bashin gida ya yi sauƙi, mota ta yawaita. A 1947 aka fara gina Levittown a tsibirin Long Island kusa da New York, gidaje fiye da 17,000 a kan gonakin dankali. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta ƙara buɗe karkara. Mai gini kuwa gona yake so fiye da komai, don a shimfiɗe take, an riga an share ta, ruwa ba ya kwanciya. Abin da ya sa ta yi kyau ga noma shi ya sa ta yi kyau ga gini.

Yana da kyau a fahimci yadda gari ke rasa gonakinsa, don ba a rana ɗaya abin ke faruwa ba. Gona ɗaya ta zama gidaje, sai darajar filayen kusa ta tashi, harajin fili ya bi ta. Sabbin maƙwabta su fara kukan warin taki, da ƙarar tarakta da asuba, da motar gona mai tafiyar hawainiya a kan titi. Manoma suna raguwa, mai sayar da iri da kayan aikin gona ya rufe shago, likitan dabbobi ya ƙaura. Wanda ya rage ya daina gyara rumbu da shinge, tunda ya san ba zai daɗe ba. Ranar da ya rasu kuma, magada huɗu ko biyar, mafi yawansu suna birni, hanya mafi sauƙi ta raba gado ita ce a sayar.

Maganin farko da aka gwada shi ne na haraji. A 1956 jihar Maryland ta fara ƙiyasta harajin gona bisa darajarta ta noma, ba bisa abin da mai gini zai biya ba, sauran jihohi suka bi sahu. Kalifoniya ta yi dokar Williamson a 1965, inda manomi ke sa hannu kan yarjejeniyar shekara 10 a rage masa haraji. Wannan ya ba manoma sararin numfashi, amma bai ɗaure kowa har abada ba. Masu sayen fili su ajiye ma sun ci moriyarsa, suna biyan ɗan haraji kaɗan suna jiran farashi ya hau.

Dabarar da ta canza al'amura ta fito ne daga gundumar Suffolk, a wannan tsibiri na Long Island, a 1974. Aka ce mallakar fili haƙƙoƙi ne da yawa a haɗe, kuma ana iya cire ɗaya a sayar shi kaɗai. Sai a kimanta gona sau biyu, kuɗinta in za a gina ta da kuɗinta in noma kawai za a yi, a biya manomi bambancin. Gona tana nan a hannunsa, zai noma, zai sayar, zai bar wa 'ya'yansa, amma an rubuta a takardar filin cewa ba za a yanka ta a yi gine-gine ba, kuma sharaɗin yana bin duk wanda ya mallake ta nan gaba. Massachusetts da Maryland suka kafa irin wannan shiri a matakin jiha a 1977.

A nan ne 'yan sa-kai suka sami makami. A gundumar Marin, arewa da San Francisco, an daɗe ana shirin manyan hanyoyi da sabbin unguwanni a yankin masu kiwon shanu. Mata biyu, Ellen Straus mai gonar madara da Phyllis Faber masaniyar tsirrai, suka haɗa makiyaya da masu kare muhalli, waɗanda a lokacin ba sa ga maciji da juna, suka kafa Marin Agricultural Land Trust a 1980. Ita ce ƙungiyar riƙon amanar ƙasa ta farko a Amurka da ta keɓe kanta ga gonaki, kuma ta tsare fiye da eka 50,000. A 1980 ɗin ne aka kafa American Farmland Trust, ƙungiyar kare gonaki a faɗin ƙasar, majalisar dokokin Amurka kuma ta tabbatar da rangwamen haraji ga wanda ya ba da haƙƙin gininsa kyauta. A gundumar Lancaster ta Pennsylvania an kafa Lancaster Farmland Trust a 1988, musamman saboda manoman Amish, wata ɗarikar Kirista mai riƙe da tsohon salon rayuwa, da ba sa son hulɗar kuɗi da gwamnati amma za su saurari ƙungiya mai zaman kanta.

Aikin yau da kullum ba shi da ƙyalƙyali. Yawancinsa zama ne a ɗakin cin abincin manomi, wani lokaci shekara da shekaru, kafin ya yarda cewa ba ƙwace masa ƙasa aka zo yi ba. Ga yawon neman gudummawa, ga halartar zaman kwamitin tsara gari da dare, ga lallashin masu ƙuri'a. A Massachusetts, wata doka ta shekarar 2000 ta ba kowane gari dama ya ƙara har kashi 3 cikin ɗari a kan harajin gidaje don tsare filaye da makamantansu, amma sai mazauna sun kaɗa ƙuri'ar amincewa, kuma 'yan sa-kai ne ke bi gida-gida. Bayan an sa hannu ma ba a gama ba. Kowace shekara sai wani ya sa takalmin ruwa ya zagaya iyakar gonar, ya nemo turakun alama cikin ciyawa, ya ɗauki hotuna ya gwada da na farko. Rigima takan taso ne da mai gona na biyu ko na uku, wanda bai karɓi kuɗin ba amma ya gaji sharaɗin.

Darasin da ya fi ɗaci ya zo daga baya: ana iya tsare fili a rasa noma. Gonar da aka hana gini a kanta takan burge attajirin da ke neman gidan hutu mai faɗin fili, ya saye ta da kuɗin da matashin manomi ba zai iya ba, ta koma wajen ajiye dawaki biyu. A ganina wannan shi ne ma'aunin gaskiya na aikin, musamman da ƙidayar noma ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomin Amurka ya kai 58. Don hana gonaki faɗawa hannun waɗanda ba manoma ba ne jihohin Massachusetts da Vermont suka ƙara sharaɗin da ke ba su damar sayen gonar a farashin noma idan za a sayar wa wanda ba manomi ba. A Faransa, ƙungiyar Terre de Liens da aka kafa a 2003 tana tara kuɗin jama'a ta sayi gonaki ta ba sabbin manoma haya mai tsawo.

Asarar kuwa ba ta tsaya ba. Binciken American Farmland Trust ya nuna eka miliyan 11 sun fita daga noma ko sun shiga hanyar fita tsakanin 2001 da 2016, kusan eka 2,000 kowace rana, kuma mafi yawa gidajen da aka warwatsa ɗaiɗai a manyan fulotai ne suka ci su.

Akwai kuma sukar da bai kamata a kawar da kai daga gare ta ba. A wasu garuruwa, kiran a kare yanayin karkara ya zama hanyar hana masu ƙaramin ƙarfi samun gida, har ma'aikacin gonar da ake karewa ya rasa inda zai kwana kusa da ita. Vermont ta fuskanci wannan tun 1987, inda ta kafa hukuma guda mai asusu guda da ke ba da kuɗin gina gidaje masu rahusa a cikin gari da kuɗin tsare gonakin da ke kewaye da shi. Ƙungiyoyin sa-kai da dama yanzu suna goyon bayan a cika tsakiyar gari da gidaje, har da benaye, muddin za a bar gonakin bayan gari ga masu noma su.