Waiwaye: Yadda Memphis ta rushe gidajen kiɗanta kafin ta san darajarsu

Titin Beale da ke birnin Memphis a jihar Tennessee ta Amurka cike yake da 'yan yawon buɗe ido a yau, amma yawancin unguwar da ta sa ya yi suna an daɗe da share ta.

A farkon ƙarni na 20 nan ce matattarar baƙaƙen fata, kasuwa da rana, kiɗan blues da dare. A nan makaɗin blues W.C. Handy ya yi tashe, a nan kuma mawaƙi B.B. King ya samo laƙabinsa. A 1966 gwamnatin tarayya ta sanya titin cikin wuraren tarihi na ƙasa, sai dai takarda ba ta tsayar da katafila. Bayan kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, a birnin a 1968, hukumomi suka rushe ɗaruruwan gine-gine a kewayen da sunan sabunta gari. Ko da majalisar dokokin Amurka ta naɗa wa Beale kambin gidan blues a 1977, titin ya kusa zama kango.

Labarin ginin Stax, kamfanin fayafayan waƙa, ya fi ciwo. Tsohon gidan sinima ne a titin McLemore da aka mayar ɗakin naɗar waƙa, inda mawaƙi baƙar fata Otis Redding ya yi fayafayansa. Kamfanin ya karye a 1975, ginin ya koma hannun wata coci, aka bar shi yana lalacewa har aka rushe shi a 1989. Gidan tarihin da aka buɗe a filin a 2003 kwaikwayo ne kawai. Abin lura, Graceland, gidan mawaƙi farar fata Elvis Presley, tun 1982 yake karɓar baƙi masu biyan kuɗi. Ke nan birnin ya san tarihin kiɗa na kawo kuɗi; na wa za a adana, nan gizo ke saƙar.

Sun Studio kuwa, wani ɗakin naɗar waƙa a birnin, sa'a ce ta cece shi. Sam Phillips ya buɗe shi a 1950, mawaƙan blues Howlin' Wolf da B.B. King suka yi waƙa a ciki tun kafin Elvis ya naɗi faifansa na farko da ya shiga kasuwa a 1954. Da Phillips ya tashi, 'yan kasuwa suka ci gaba da hayar ɗan ginin, ba wanda ya damu ya rushe shi. An sake buɗe shi a 1987, ya shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa a 2003.