Tsuntsayen daji ma suna da tasu maleriyar

Tsuntsun da ya sauka a tsakar gida yana tsintar tsaba, mai yiwuwa akwai ƙwayoyin cuta a jininsa, kuma ba za a ga alamar komai a jikinsa ba. Iri uku aka fi samu: Plasmodium, da Haemoproteus, da Leucocytozoon. Dangin maleriya ne, amma irin na tsuntsaye ba sa kama mutum, ko ta hanyar sauro ko ta cin naman. Da tsuntsaye ma Ronald Ross, wani likita ɗan Birtaniya, ya yi gwaji a Kalkata ta Indiya a 1898, ya nuna yadda sauro ke yaɗa maleriya.

Yawansu ya danganta da irin tsuntsun, da wurin, da lokacin shekara. A wani wuri da ƙyar a samu ɗaya cikin goma, a wani kuma fiye da rabin tsuntsayen da aka gwada. Haemoproteus ne kan gaba, kuma tantabara da kurciya suna cikin waɗanda suka fi ɗauke da shi. Inda ruwa ke kwanciya abin ya fi yawa, haka nan da damina. Tsuntsayen Turai masu zuwa cin rani a Afirka, irin masu sauka a dausayin Haɗejiya da Nguru da bakin Tafkin Chadi, wasunsu a nan nahiyar suke ɗaukar cutar su koma da ita.

Tsuntsu ba ya shafa wa ɗan'uwansa kai tsaye, sai an samu ƙwaron da ya sha jinin wannan ya ciji wancan. Sauro, musamman irin Culex mai hayayyafa a kwata da ruwan datti, shi ke ɗaukar Plasmodium. Haemoproteus kuwa ƙananan ƙwari masu cizo da almuru ne ke kai shi, sai kuma wani ƙuda mai faɗin jiki da ke shigewa cikin gashin tantabara. Masu kiwonta sun san shi. Leucocytozoon na baƙin ƙudan nan ne mai hayayyafa a ruwa mai gudu, don haka an fi ganinsa kusa da koguna.

Tsuntsun dajin da ya tsallake kamun farko yakan ci gaba da yawo da ƙwayoyin kaɗan a jininsa, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa. Wanda jikinsa bai saba da ita ba ne abin ji. A tsibiran Hawayi na ƙasar Amurka, inda sauro ya shiga a 1826, maleriyar tsuntsaye na cikin abubuwan da suka ƙarar da nau'o'i da dama. A Afirka akwai Plasmodium durae, wanda fakara ke ɗauke da shi ba tare da ta nuna ciwo ba, amma yana kashe ƙananan talotalo da yawa. Mai kiwo ya lura da ƴan tsaki, da ƴan shila, da duk tsuntsun da aka sayo daga nesa.

Alamomin cutar: kasala, ƙin cin abinci, rama, dusashewar zanko saboda ƙarancin jini, da koren kashi. Idan aka fede mushen, hanta da saifa sun kumbura sun yi duhu. Sai dai cututtuka da yawa na zuwa da irin waɗannan alamu, har da wadda kaskar kaji ke kawowa, kuma ɗura wa kaji maganin maleriyar mutane a kan zato asarar kuɗi ce. Gwaji ne ke raba gardama. Likitan dabbobi zai ɗebi ɗigon jini daga jijiyar ƙarƙashin fiffike, ya shimfiɗa shi siriri a kan gilashi, ya busar nan take, ya tsoma a sinadarin methanol, ya rina da rinin gwaji mai suna Giemsa, sannan ya duba a madubin likita. Idan shimfiɗar ta yi kauri ko ta jima ba ta bushe ba, ƙwayoyin jinin sukan lalace, a kasa karanta komai. A tsuntsu ƙarami kada jinin da aka ɗiba ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa.

Harbe tsuntsayen daji ba ya maganin komai, ƙwarin ne abin yaƙa. A zubar da ruwan tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da kasko duk mako, domin sauro na iya kammala girma cikin kwana 7 zuwa 10. A gyara kwata ta riƙa gudu. A sa raga a tagogin akurki, a kuma shigar da talotalo da ƴan tsaki kafin magariba. Ɗakin tantabara a riƙa share tsohuwar sheƙa ana ƙonawa, don a cikinta ƙudan nan mai faɗin jiki ke ajiye ƴaƴansa. Sabon tsuntsu a ware shi mako biyu kafin a haɗa da na gida.

Idan aka ga tsuntsayen daji ko kaji suna mutuwa da yawa a lokaci guda, kada a taɓa su da hannu. Wannan ya fi kama da murar tsuntsaye, wadda ita tana iya kama mutum, kuma ofishin likitan dabbobi mafi kusa za a sanar a ranar.